Raƙuman da Kakana Bai Taɓa Mallaka Ba

Tun kafin maza su dawo daga maƙabarta a New Jersey falona ya cika da mata. Takalma suka yi tsibi a bakin ƙofa, har mai kula da ginin ya hawo bene sau biyu yana roƙon a bar wa maƙwabta hanya. Gidan da muke haya a titin Grand Concourse ɗaki uku ne, amma a ranar ya ɗauki Kano da Damagaram da Kumasi gaba ɗaya. Duk wadda ta shigo sai ta durƙusa ta ce, "Ya haƙuri?" in ce, "Da godiya," har bakina ya koma faɗa ba da sanina ba. Na gaji ƙwarai, kuma ba gajiyar hidima kaɗai ba ce.

Wata 'yar Kumasi mai sayar da wake da shinkafa a Tremont ta kama hannuna tana kuka. "Tsohon nan shi na da hannu," in ji ta. "Jaka na ya tsinke a hanya, ya zauna nan gaban shago na ya ɗinke shi, ko ruwa bai yarda ya sha ba." Wata 'yar Damagaram ta dafa kafaɗata ta ce, "Kuraj, ki yi ƙarfin hali, 'yar uwa, tsohonki ya tafi da farar zuciya." Abokin Baba, wanda suka shekara ashirin suna karɓa-karɓar tasi ɗaya, ya tsaya daga bakin ƙofa ya kasa gaisuwar ma, ya juya ya sauka.

A babbar kujera kuwa surukata Hajiya ce zaune, mahaifiyar maigidana, carbi a hannu. Ita ta ɗauki nauyin ba wa duk baƙuwar da ta shigo tarihin mamacin.

"Ai ba ƙaramin mutum aka rasa ba," take cewa. "Falke ne ɗan falke. Kakanninsa ne masu kai fata Maroko a kan raƙuma tun zamanin da. Ba labari nake ba ku ba, mun je can tare da shi, na gani da idona."

Mata su ɗaga hannu su ce, "Allah ya ji ƙan falke." Ni kuma in ce amin kaina a sunkuye, babbar 'yata tana tsaye a ƙofar kicin tana kallona ba ta ko ƙiftawa.

Mahaifina ba falke ba ne. Majemi ne, ɗan majemi, jikan majemi, daga cikin birnin Kano. A cikin ramukan jima ya tashi, inda ake jiƙa ɗanyar fata a ruwan toka, a kankare gashinta, a dafa ta da bagaruwa har ta yi laushi. Babu raƙumi ko ɗaya a tarihin gidanmu. Ni na ƙirƙiri raƙuman, shekara ashirin da biyu da suka wuce, kuma abin da ya sa nake wannan rubutu ke nan.

Wanda bai tashi a gida ba zai ce to mene ne a ciki. Mu dai mun san mene ne. Sana'ar jima halal ce, kowa yana sa takalmi, kowa yana salla a kan buzu, amma in aka zo maganar aure sai a tuna da wari. Ina firamare yara suna toshe hanci in na shigo aji, ko da kuwa na yi wanka sau biyu. Da mahaifiyata ta rasu Baba ya samu hanya ya zo Amurka, bayan shekara huɗu ya aiko aka kawo ni, sai na ɗauka na baro wannan duka a can. Da na haɗu da maigidana, ɗan gidan alƙalai daga Katsina, ya tambaye ni sana'ar gidanmu, bakina ya riga hankalina, na ce fataucin fata.

Da magabatansa za su kira Baba a waya don bincike, na durƙusa a gabansa ina kuka na roƙe shi. Ya daɗe yana kallon ƙasa. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kirana da komai ba sai Uwata.

"Uwata, ƙarya dai ba zan yi ba," in ji shi. "In sun tambaye ni zan ce harkar fata muke yi. Abin da suka ɗora a kai nasu ne."

Haka ya faɗa musu, suka ɗora. Ni na ƙara raƙumi biyu ko uku. Da Hajiya ta zo yi mini wankan jegon fari ta zauna a ƙasar nan gaba ɗaya, sai ta mai da su ayari guda. Maigidana ya san gaskiya tun muna da 'ya ɗaya, ya yi dariya ya ce in bar Hajiya da abin da ta sani. Na ji daɗin wannan shawara don ita ce mai sauƙi.

Baba mutum ne gajere, mai faɗin tafin hannu, mai magana a hankali kamar ba ya son tashin wani daga barci. Ba ya iya wuce fata bai taɓa ba. Jaka ce, kujerar mota ce, takalmin baƙo ne a bakin ƙofa, sai ya murza da babban yatsa ya yanke hukunci: "Akuya." "Tunkiya, kuma an yi gaggawa." "Wannan roba ce, an cuce ki." Sau nawa na dawo da jaka daga kanti ina taƙama ya sauke mini girman kai da yatsa ɗaya. Yana yawan cewa fata ba ta son mai sauri, haka ma yaro. In na ɗaga murya a kan 'ya'yana sai ya ce, "Ki bar su su jiƙu tukuna."

Babbar 'yata ita ce abokiyar wasansa. Yana kiranta Amarya, tana kiransa Tsoho. Ya yi mata magana da Hausa, ta amsa da Turanci, ya ce shi ba zai biya sadaki ba sai ta iya cewa ƙwarya daidai. Ta ce ita ma ba ta son miji mai haƙori tara. Kullum haka suke, kuma duk gidan ita kaɗai ke iya sa shi shan maganin hawan jini ba tare da rigima ba.

Faɗa mafi muni da muka yi da shi a kan fatar layya ne. A nan gona ake zuwa a yanka rago, a ba ka nama a leda, fata kuwa a jefa a shara. Wannan abu ya tsaya wa Baba a rai shekara da shekaru. Wata sallah ya roƙi mai gonar ya ba shi fatar ragonmu, ya zo da ita gida, ya barbaɗe ta da gishiri, ya shanya a matakalar ƙarfen da ke bayan taga. Daga baya ya jiƙa ta a bahon wanka da bagaruwar da wani ya kawo masa daga gida. Kwana tara yana fama, ni kuma ina aikin asibiti ina dawowa ina cin magani. Ranar da aka ce Hajiya za ta zo mana wuni daga Soundview, inda take zaune gidan 'yarta, na jira ya tafi masallaci na naɗe fatar a baƙar leda na saukar da ita shara.

Da ya dawo ya leƙa banɗaki, ya fito ya tsaya a tsakiyar falo.

"Saura kwana biyu ta zama buzu," in ji shi.

"Baba, gidan nan ba majema ba ne. Mutane ke shigowa."

"Haka ne."

Daga ranar bai sake karɓo fata ba har ya bar duniya. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Hausawa sun ce ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Tawa ta yi 'ya'ya, har da tikitin jirgi shida. Bara Hajiya ta tashi da magana cewa yara sun girma ba su san asalinsu ba. Katsina sun je sau biyu, saura ɓangaren uwa. Tunda kakanninsu Maroko suke kai fata, a je a nuna musu hanyar da ayarin yake bi, tun su tsofaffin suna da sauran ƙafa. Maigidana ya dube ni, na dubi bango. Na yi ta kawo dalilai, aiki, sanyi, bayan Baba. Sai Baba da kansa ya ce, "A je mana. Ni ma ina son in ga inda raƙumanmu suke kwana." Ya faɗa fuskarsa ba alamar dariya.

Muka tafi a hutun sanyi mu shida: tsofaffi biyu, ni da maigidana, da 'yan mata biyu. Tafiya da tsofaffi aiki ce. Hajiya ba ta cin abin da ba ta san wanda ya dafa ba, ta taho da yaji da ƙuli-ƙuli da garin kunu cike da jaka. Baba kuwa kowane masallaci ya gani sai ya shiga ya yi nafila. Auta tana neman inda waya za ta kama. Ni ce mai riƙe fasfo da magunguna da haƙurin kowa.

Birnin Fas muka fara sauka. Lunguna ne matsattsu, jakuna da alfadarai ke kai kaya, mai jaki yana ihu a ba shi hanya. Baba ya ce wannan ai cikin birni ne aka ɗora a kan dutse, ya riƙa tafiya gaba kamar ya san hanya. A rana ta biyu mai yi mana jagora ya ce zai kai mu wurin da kowane baƙo yake zuwa, majemar birnin. Tun kafin mu karya kwana hancina ya riga ya gane. Shekara talatin da wani abu rabona da wannan wari.

Ta cikin wani shagon jakunkuna ake hawa bene a leƙa. A ƙofa ana raba wa baƙi ganyen na'ana'a su kara a hanci. Daga sama muka ga ramukan a jere, wasu farare da ruwan farar ƙasa, wasu ja, wasu ruwan ƙasa, maza a ciki har cinya suna tattaka fatu. Na saci kallon Baba. Ya riƙe ƙarfen barandar da hannu biyu, leɓensa yana motsi, ƙafarsa ta dama tana ɗan dannawa ƙasa daidai da takun mutanen da ke cikin ramin. Shi ya ƙi karɓar ganyen a ƙofa.

Hajiya ta raba nata biyu ta miƙa masa.

"Alhaji, toshe hancinka kar ka yi amai. Allah ya raba mu da wannan sana'a. Gara ku da kuke saye a bushe ku ɗora wa raƙumi. Waɗannan bayin Allah ko da turare aka wanke su wa zai ba su 'ya?"

Ba da mugunta ta faɗa ba, abin da ta tashi ta ji ana faɗa ke nan. Baba ya dubi ganyen, ya dube ni. Ni kuma nawa ganyen yana manne a hancina, na kasa sauke shi. Sai ya karɓa, ya kara a hancinsa.

"Haka ne, Hajiya," in ji shi. "Wari kam akwai shi."

A rayuwata ba a taɓa yi mini alherin da ya yi mini ciwo kamar wannan ba.

Washegari bayan sallar asuba na ƙwanƙwasa ɗakinsa in ba shi magani, ba ya nan. Babbar 'yata ma ba ta nan. Sai wajen ƙarfe goma suka dawo ta ƙofar baya, ita tana gaba tana leƙe kamar ɓarauniya, shi yana biye, wandonsa a jiƙe har gwiwa, fuskarsa kamar an ba shi kujerar Makka. Ta ja ni ɗaki ta nuna mini a wayarta. Ga Baba, mai shekara saba'in da takwas, mai ciwon baya, ya naɗe riga ya sunkuya a kan gungume yana kankare fata da kartaji, wuƙar nan mai mariƙi biyu. Majeman sun daina aiki sun kewaye shi. Ba ya jin Larabcinsu, ba sa jin Hausa, amma wani tsoho a cikinsu ya ɗaga fatar da Baba ya gama ya haska ta a rana, ya juya ta, sannan ya sumbaci goshin Baba.

"Mama, ina ya koyi wannan?" ta tambaye ni da Turanci.

Na ce, "Rage murya."

"Ya ce mini babansa ne ya koya masa. Ya ce babansa ba shi da ko jaki."

Na ce, "Na ce ki rage murya, kakarki tana ɗakin da ke kusa."

Ta dube ni irin kallon da ba na so, ta fita.

Wari ya fita da sabulu da lemon tsami, amma jan rini ya kama masa yatsu da ƙarƙashin farce ya ƙi fita. Ba wanda ya ce masa komai, shi da kansa ya sayi safar hannu ta ulu a kasuwa ya ce sanyi ke damun gaɓoɓinsa. Mutumin da bai taɓa cin tuwo da cokali ba ya koma cin abinci da cokali. In zai yi alwala sai ya zagaya inda ba kowa. Hajiya ta yi ta tausaya masa, har ta ba shi man zafi.

Daga Fas muka hau duwatsu, ƙasar mutanen da ake kira Barbar, su kuma suna kiran kansu Amazig. Dangin Buzayenmu ne a harshe, har rubutunsu ya yi kama da wanda ake gani a jikin takubban Agadas. Direbanmu ɗan can ne, ya kai mu gidan iyayensa a wani ƙauye da aka gina da jar ƙasa. Uwarsa ta gasa mana gurasa a tanderun ƙasa, aka kawo zuma da man zaitun da shayi. Hajiya, wadda ba ta cin abincin kowa, ta ci har ta nemi ƙari, suka zauna da tsohuwar a gaban masaƙa suna hira da hannu. 'Yan matan suka koyi naɗa rawani.

Baba kuwa ya hango salka rataye a soro, ta fatar akuya, wadda suke kaɗa nono a ciki. Ya je ya tsaya a gabanta. Na ga hannunsa ya tashi, ya tuna da safar, ya tsaya. Daga ƙarshe ya murza ta ta cikin ulun, ya girgiza kai, ya nuna wa maigidan wani wuri kusa da wuya inda jimar ba ta kama ba. Maigidan ya buga cinya yana dariya, ya nuna cewa daidai nan take yoyo.

"Kun gani ko?" in ji Hajiya. "Jinin fatauci ba ya ɓuya. Da ido kawai yake sanin kaya."

Sahara ce zangonmu na ƙarshe kafin Marakish. Muka kwana a tantuna a gindin tuddan yashi. Da gari ya waye aka kawo raƙuma za a hau a ga fitowar rana. Hajiya ta ce ko za ta mutu sai ta hau abin hawan surukanta, aka ɗora ta tana salati. Baba ya ce bayansa ba zai iya ba, na ce zan zauna da shi. Muka bi su da kallo har suka haye tudu.

Ya zauna a bakin murhun da aka dafa shayi, ya zare safar ya ɗumama hannuwansa. Jan ya fara komawa baƙi-baƙi.

"Wannan ne karo na biyu da na ga raƙumi kusa da kusa," in ji shi. "Na farko a mayanka."

Ban yi dariya ba. Na ce, "Baba, da ka bari ba ka koma wurin nan ba. Yanzu ga yarinya ta daina yi mini magana."

"Ƙafata ce ta kai ni."

"Kai ba ka san abin da na sha a makaranta ba."

"Na sani. Ni nake kai ki a keke. Ina jin su tun daga bakin ƙofa."

Ya juya hannuwansa a kan garwashin.

"Uwata, ban taɓa ce miki ki faɗa ba, yau ma ba zan ce ba. Gidanki ne, aurenki ne. Abu ɗaya ne yake damuna. Ran da na faɗi, Hajiya za ta tara mata a yi ta roƙa wa falke ɗan falke gafara. Ni ba komai, Allah ya san wanda ake nufi. Amma ubana fa? Shekara hamsin yana cikin rami, ƙafafunsa duk sun tsage, da su ya ciyar da mu goma sha ɗaya. A ƙasar nan ba wanda ya san an yi shi. Ko a wurin addu'a wani mai raƙuma ne zai karɓe masa wuri."

Na yi kuka sosai. Na ce masa in mun koma zan zaunar da Hajiya in faɗa mata komai.

"In mun koma," in ji shi, ya mai da safarsa, don mun fara jiyo muryar Hajiya tana faɗa da mai jan raƙumi.

Mun koma. Na ce bari a huta gajiya. Sai Hajiya ta yi mura, na ce bari ta warke. Sai aka shiga hidimar bikin 'yar ƙanwar maigidana, na ce ba yanzu ba. Kullum in na sauka daga jirgin ƙasa na layin D da yamma ƙafafuna a kumbure, sai in ce gobe. Baba bai tuna mini ba ko sau ɗaya. Rinin ya fita daga hannunsa, ya ajiye cokali, ya koma zamansa a bakin taga. Wata huɗu bayan dawowarmu ya faɗi a hanyar masallaci. Kwanansa shida a asibiti. Ranar Laraba da hantsi, ina riƙe da hannunsa Amaryarsa tana riƙe da ɗayan, ya cika da kalmar shahada.

Ranar addu'ar uku, bayan malamai sun tashi an raba waina da goro, wata ƙawar Hajiya 'yar Katsina ta iso daga wata jiha. Ba ta san Baba ba, don haka Hajiya ta gyara zama ta ɗauko tarihin daga farko. Falon a cike yake. Ta kai kan ayari, sai ta juyo gare ni.

"Faɗa mata da bakinki, 'yata. Raƙuma nawa kakanki yake da su?"

Ban shirya ba. Ina jin gajiya ce kawai ta kai ni inda ba zan iya ɗaga ƙaryar ba ko sau ɗaya kuma.

Na ce, "Ko ɗaya, Hajiya."

"Na'am?"

"Ba shi da ko jaki. Majemi ne. Baba ma majemi ne, a ramin jima ya tashi. Ni na ce fatake ne, don ina tsoron kar ku hana auren. Baba bai taɓa faɗa da bakinsa ba."

Wata ta ce, "Ikon Allah." 'Yar Kumasin nan ta ce, "To shi ne me? Baba na mahauci ne," ba wanda ya tanka mata. Hajiya ta naɗe carbinta a hankali ta sa a jaka, ta miƙe, ta ce in biyo ta. Muka shiga ɗakin Baba ta tura ƙofa. Na durƙusa, ina jiran maganar asali da wari, na riga na shirya mata.

"Ba zan yi miki ƙarya ba," in ji ta. "Da na sani a lokacin, ƙila da na hana. Haka muka tashi. Amma wannan ya wuce, ga jikoki sun kai aure." Ta dube ni. "Shekara ashirin da biyu kina zaune kina kallona ina yi wa mutane ƙarya da bakina. Wannan ma na iya haɗiyewa. Amma kina tsaye a wurin nan na dubi idon bawan Allah na zagi sana'ar ubansa, na ce ba mai ba su 'ya. Ya ce mini haka ne. Kina ji."

"Ki yafe mini, Hajiya."

"Ke kin samu wadda za ki roƙa. Ni fa? Da kin faɗa mini yana da rai, da na je na durƙusa masa. Yanzu wa zan roƙa?"

Ta tsaya ta dubi gadonsa, da hularsa a kan matashi, ta share ido da bakin mayafi. Ta fita ta ratsa matan ba ta yi wa kowa sallama ba, maigidana ya bi ta da gudu da makullin mota.

Yau kwana goma sha tara ba ta kira ni ba, in na kira ba ta ɗauka. Ba na ganin laifinta. Wasu daga cikin matan da suka cika falona sun ja baya, wasu sun ƙara matsowa, ba ni da ƙarfin lissafa su waye su waye. Na yi abin da Baba ya roƙa ba tare da ya roƙa ba, amma na yi shi a makare, kuma ba ni kaɗai jinkirin ya cuta ba.

Wanda duk ya karanta wannan, ina roƙonsa Fatiha ɗaya. Allah ya ji ƙan mahaifina majemi, da mahaifinsa majemi mai tsagaggun ƙafafu, da kakansa majemi, ya haskaka kabarinsu, ya sa sun huta. Ita kuma Hajiya, ya Allah, ka isar masa da ban haƙurinta, tunda ni na tare mata hanya.